Yadda ake zaɓen rigar bututu ga mai harhaɗa bindigar AR-15

A Amurka, inda doka a galibin jihohi ta ba farar hula damar sayen sassan bindigar AR-15 su harhaɗa da hannunsu don gasar harbi ko farauta, rigar bututu sashe ne da akan mayar wa mai shago bayan an saya. Ita ce abin nan da ke lulluɓe bututun bindiga daga gangar sama, wato ɓarin sama na gangar jikin bindiga inda gindin bututu ke shiga, zuwa kusa da baki, inda hannun hagu ke riƙewa, kuma a jikinta ake ɗaura tocila da maratayi da ƙafafun jingina. Turawa na ce mata handigad. Dalilin yawan mayar da ita guda ne: mutane na zaɓenta da ido a hoto, alhali da abin awo ya kamata a zaɓe ta. Bututu da bulok ɗin gas, wato ɗan ƙarfen da ke zaune a kan bututu yana karɓar gas ɗin harbi, da gangar sama su ne ke yanke hukuncin rigar da za ta shiga, kyau kuwa a ƙarshe yake zuwa. Duk bayanin nan na inda doka ta yarda ne, domin a Nijeriya da Nijar farar hula ba shi da ikon harhaɗa irin wannan bindiga.

Mataki na farko: wace iri ce bindigarka za ta karɓa?

Iri biyu ne. Akwai mai ɓari biyu, irin wadda ake gani a jikin M16 da M4 na soja tun da can. Ɓarin sama da na ƙasa suna haɗuwa su rungumi bututu, a baya zobe mai sifirin ne ke danne su, a gaba kuma suna shiga wata 'yar hular ƙarfe da ke bayan masaitin gaba mai kama da alwatika. Ba ta buƙatar kayan aiki: ka ja zoben baya da ƙarfi, ka zare tsohuwar, ka sa sabuwa, minti biyar an gama. Tana da araha, kuma ta roba mai faifan alminiyam a ciki tana kare hannu daga zafi fiye da yadda ake zato. Aibinta shi ne tana jingine da bututu ta gaba. Duk nauyin da ka ɗora mata, ko jan maratayi, ko danna bindiga a kan buhun yashi, yana isa ga bututun, ya ɗan karkata shi, harsashi ya sauka ba inda aka saita ba. A mita 50 da wuya ka lura. A mita 300 abin zai fito fili.

Ta biyu ita ce mai shawagi, wadda ba ta taɓa bututu ko kaɗan. A notin bututu kawai take kamawa, can gindi inda bututun ya shiga gangar sama, sauran jikinta duk a iska yake. Ko ka danna ta, bututun ba ya ji, kuma yana girgizarsa ta harbi iri ɗaya kowane lokaci. Shi ya sa yawancin masu harhaɗa sabuwar bindiga ita suke zaɓa. Amma sa ta aiki ne: sai an cire hular baki, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin bututu, an cire bulok ɗin gas da jijiyar gas, siririn bututun da ke mayar da gas ganga, an kwance tsohon noti.

Hukuncin a nan mai sauƙi ne. Idan bindigar tana da masaitin gaba na ƙarfe da zoben baya, kuma ba ka da niyyar harbin nesa, mai ɓari biyu ta ishe ka. Idan daga farko kake harhaɗawa, bututu na hannunka tsirara, sayi mai shawagi.

Mataki na biyu: gano tsawon tsarin gas

AR-15 da gas ɗin harsashi take ɗana kanta. Akwai ɗan rami a saman bututu, gas na fita ta nan ya shiga bulok, ya bi jijiyar gas ya koma ganga. Nisan ramin daga ganga shi ake kira tsawon tsarin gas, kuma huɗu ne aka fi sani: na fistol kusan inci 4, na karbin kusan inci 7, matsakaici kusan inci 9, na raifil kusan inci 12.

Ga mai ɓari biyu wannan awo shi ne komai, domin dole ta cika tazarar da ke tsakanin zoben baya da hular gaba daidai wa daida. Ta inci 7 ba za ta zauna a tsarin matsakaici ba ko da an yi yaya. Ka kuma leƙa hular gaban: wata zagayayyiya ce, wadda aka saba gani a karbin, wata mai kusurwa uku ce, irin ta raifil da yawancin matsakaita. Wasu riguna na shiga duka biyun, wasu ɗaya kaɗai.

Ga mai shawagi, tsarin gas yana gaya maka mafi gajartar da za ka iya saya ne kawai. So ake rigar ta wuce bulok ɗin gas ta rufe shi, saboda shi ne wurin da ya fi ko'ina zafi a gaban bindiga, kuma bugu a kansa na iya gusar da shi daga kan ramin gas, bindiga ta daina ɗana kanta. A tsarin matsakaici, misali, duk rigar da ta kai inci 10 da ɗoriya za ta rufe shi.

Mataki na uku: tsawo, kuma a nan ake yawan tafka kuskure

Tsawon bututun da ake rubutawa a kwali daga fuskar makulli, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a gindin bututu, ake auna shi, can cikin ganga, har zuwa baki. Ke nan bututu mai inci 16 ba inci 16 ne ke waje ba. Wani ɓangare yana cikin ganga, sannan sama da rabin inci na ƙarshe zare ne na ɗaura hular baki. Shi ya sa riga mai inci 15 a kan bututu mai inci 16 take tsayawa dab da inda zaren ya fara. Abin da masu harhaɗawa suka saba shi ne: bututu mai inci 16 ya ɗauki riga mai inci 13 zuwa 15, mai inci 14.5 ya ɗauki 13 ko 13.5, mai inci 18 ko 20 ya ɗauki 15 ko sama da haka.

Kada ka dogara da lambar da ke jikin sunan kaya. Abin da kamfani ɗaya ya kira inci 15 yana iya ɗara na wani kamfanin da ɗan kaɗan, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ne ke jawo matsala. Sa bututun a ganga, ɗauki tef, auna daga fuskar gaban ganga zuwa kafaɗar da zaren baki ya fara. Sannan nemi ainihin tsawon rigar a takardar bayanin kamfani. Rigar ta tsaya kafin kafaɗar nan.

Me zai faru idan ta wuce? Hular baki tana da ramuka ko tsaga da wuta da gas ke fita ta gefe. Idan ramukan suka faɗa cikin riga, kowane harbi zai daki alminiyam ɗin daga ciki. Yana iya tsaga ta, kuma hannun da ke riƙe da wajen yana cikin haɗari na gaske. Wannan ba abin gwaji ba ne.

Doguwar riga tana da amfaninta: hannu ya miƙe sosai, tocila ta matsa gaba ta rage inuwar bututu, ƙafafun jingina su zauna nesa, masaitin gaba ya yi nisa da na baya, saiti ya ƙara kyau. Amma kowane inci nauyi ne a can gaba, inda ya fi gajiyar da hannu. Mafarauci mai yawo da bindiga yini guda zai fi jin daɗin inci 12 ko 13 fiye da 15.

Akwai wani tarko da ya shafi dokar Amurka. Dokar tarayya ta 1934, kamar yadda aka gyara ta daga baya, ta sa bindigar raifil mai bututu ƙasa da inci 16 cikin rukuni na musamman mai buƙatar rajista. Don kauce wa wannan, masu bututun inci 14.5 sukan sa a kafe hular baki da fin a yi mata walda, ta zama jiki ɗaya da bututun, jimilla ta kai inci 16. Da zarar an yi waldar, bulok ɗin gas ba zai ƙara fita ta gaba ba a mafi yawan lokuta, notin bututu ma haka, tunda sai bulok ya fita shi zai fita. Saboda haka mai wannan niyya ya zaɓi rigarsa, ya ɗaura notinta da bulok, ya tabbatar ya gamsu, sannan ya kai wa mai walda. Wanda ya juya tsarin zai biya kuɗin yanke hular.

Mataki na huɗu: faɗin ciki

Rigunan zamani sirara ne, faɗin cikinsu yakan kama daga kusan inci 1.3 zuwa 1.5, masu faɗi su kai 1.8. Masaitin gaba na ƙarfe ba zai shiga ƙarƙashin mai shawagi ba. Ko dai a sauya shi da gajeren bulok mai kwanciya, ko a sayi rigar da ta tsaya a bayansa, ko wadda aka yi wa tsaga don ya leƙo. Idan za a sauya, sai an san kaurin bututu a mazaunin bulok: 0.750 na inci shi ya fi yawa, siraran bututu 0.625, masu kauri 0.875 ko 0.936.

Ko gajeren bulok ba duka ke shiga kowace riga ba. Mai kamawa da matsi yana da kunnuwa da sukurori a ƙasa, ya fi mai sukurin dannawa girma. Wanda ake iya daidaita yawan gas ɗinsa kuma yana da sukuri a gaba ko a gefe, sai ka tabbatar mabuɗinsa zai isa gare shi bayan an sa riga. Idan bulok ya taɓa cikin riga ko da kaɗan ne, shawagin ya tashi a banza, an biya kuɗin abin da ba a samu ba. Gwajin da ake yi bayan haɗawa shi ne a zura takarda siririya tsakanin bulok da riga ta kowane gefe, ta wuce ba tare da ta maƙale ba. Sannan a matse rigar da hannu da ƙarfi zuwa sama da ƙasa, a saurara ko za a ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Mai niyyar sa salansa, wato abin rage ƙarar harbi, a jihohin da aka yarda da ita, ya sani cewa yawancinsu faɗinsu kusan inci 1.5 ne, ba za su shiga cikin siririyar riga ba. Ya bar isasshen fili a gaba don mazaunin salansar.

Mataki na biyar: tsarin ɗaura kaya

Uku ne a kasuwa. Tsanin Picatinny, wato doguwar sanda mai haƙora a jere da ake maƙala kaya a kai, shi ne babba, rundunar sojan Amurka ta amince da ma'auninsa a 1995 da lamba MIL-STD-1913, sunan kuma daga ma'ajiyar makamai ta Picatinny da ke jihar New Jersey ya samo asali. Riga mai tsani a gefe huɗu tana da ƙarfi ƙwarai, ana ɗaura kaya a cire cikin sauri, amma tana da nauyi da kauri, haƙoranta kuma na cin tafin hannu sai an rufe su da roba.

KeyMod ya fito a 2012 daga kamfanin VLTOR, ramukansa kamar ramin makullin ƙofa. M-LOK kuma kamfanin Magpul ne ya fitar da shi a 2014, ramukansa dogaye ne, faɗin milimita 7, tsawon milimita 32. A 2017 aka bayyana sakamakon gwajin da cibiyar sojan ruwa ta Crane ta yi wa rundunar ayyuka na musamman ta Amurka, inda M-LOK ya fi KeyMod riƙe kaya bayan an yar da bindiga ƙasa, ya kuma fi shi mayar da kaya daidai inda suke idan an cire an mayar. Tun daga nan kasuwa ta karkata. Yau wanda ya sayi KeyMod don ya same ta da rahusa zai sha wahalar neman kayan da za su hau ta. Zaɓin da ya fi dacewa ga yawancin mutane shi ne riga mai tsanin Picatinny a sama da ramukan M-LOK a gefe da ƙasa.

Abu biyu game da M-LOK. Ƙarfin ɗauri da Magpul ya bayar shi ne inci-fam 35, awon ƙarfin murɗa sukuri ke nan, idan ƙarfe ne a kan ƙarfe, inci-fam 15 idan akwai roba a ɗaya daga cikinsu. Na biyu, sukurorin suna leƙawa cikin riga. Idan ka ɗaura kaya daidai saitin bulok ɗin gas, tsinin sukuri na iya tokare shi, ka rasa dalilin da harbinka ya watse. Matsar da kayan rami ɗaya gaba ko baya, ko ka sa gajeren sukuri.

Madubin saiti kuwa a kan ganga yake zama, duka ƙafafunsa. Kada a raba ƙafa ɗaya a ganga ɗaya a riga, domin riga komai ƙarfinta tana ɗan motsi, saitin zai riƙa gudu.

Mataki na shida: abin da aka yi ta da shi

Yawanci alminiyam ne samfurin 6061-T6, kuma ya isa. Samfurin 7075-T6 ya fi ƙarfi, ya fi tsada. A duba cewa an yi mata baƙin rufi mai tauri da ake kira nau'i na uku (Type III), shi ne ba ya saurin gogewa. Alminiyam na ɗaukar zafi da wuri, siririyar riga bayan harbi da yawa a jere sai da safar hannu ko murfin roba. Ta zaren kabon ba ta da nauyi kuma ba ta saurin zafi a hannu, amma tana da tsada, idan ta sha mugun bugu kuma tsagewa take yi, ba lanƙwasa ba. Wajen kwatanta nauyi, a tambaya ko an haɗa da noti. Wasu kamfanoni nauyin rigar kaɗai suke rubutawa, alhali notin ƙarfe na ƙara nauyi mai yawa.

Mataki na bakwai: yadda take kama noti, da dacewarta da ganga

Nan ne ake bambanta riga mai kyau da ta banza, kuma ba a ganin sa a hoto. Kusan kowace mai shawagi da notinta take zuwa, na wani kamfani ba ya hawa na wani. Wasu na matse notin da sukurori biyu a ƙasa, wasu da 'yan ƙarafa masu shiga kamar weji, wasu sukurori ne ke shiga jikin notin kai tsaye. Abu biyu za ka nema: abin da ke hana rigar zamewa gaba, kamar sukuri mai ratsa wani kwari a jikin noti, da abin da ke hana ta juyawa, wato 'yan kunnuwa biyu da ke rungumar gangar sama. Riga mai arha da matsi kawai ta dogara da shi tana iya sulalewa gaba a hankali saboda girgiza da zafi.

Kunnuwan nan an yi su ne don ganga mai siffar ta soja. Gangar da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam sau da yawa ta fi kauri a gaba, kunnuwan su ƙi shiga. Akwai kuma gangunan da ba sa karɓar kowace riga sai wadda aka yi don irin mazauninsu, kamar M4E1 Enhanced ta kamfanin Aero Precision, wadda mazaunin rigar a jikinta yake. Mai harhaɗa babbar 'yar'uwar AR-15 mai harsashin .308 sai ya ƙara kula: zaren noti na tsarin kamfanin DPMS daban yake da na kamfanin ArmaLite, kuma tsarin DPMS kansa yana da mai dogon tsani da mai gajere. Idan aka haɗa riga da gangar da ba jinsinsu ɗaya ba, tsanin sama zai yi tudu da kwari.

Wajen ɗaurawa

Da farko a cire magazin, a ja makulli baya, a duba ɗakin harsashi da ido da yatsa, a fitar da harsasai daga wurin aiki gaba ɗaya. A raba gangar sama da ta ƙasa. Kayan aikin su ne bais, da abin riƙe ganga ko sandar da ke shiga ta kama gindin bututu, da sifana mai awon ƙarfi, da kan sifanar da ya dace da notin, da abin bugun fin, da girisi mai sinadarin molibdenam. Kada a taɓa matse ganga tsirara a bais, alminiyam ne, lotsewa zai yi.

Idan akwai masaitin gaba na ƙarfe, finansa biyu masu tsini ne, gefe ɗaya ya fi kauri. Daga siririn gefen ake bugawa. Wanda ya buga daga mai kaurin ƙara kafe su yake yi.

A shafa girisi a zaren ganga. Ba don santsi kawai ba ne, yana hana ƙarfe da alminiyam cin juna har noti ya ƙi kwantuwa nan gaba. Ƙa'idar notin soja ita ce fam-ƙafa 30 zuwa 80, wato kusan mita-niyuton 41 zuwa 108. A ɗaure zuwa 30, a kwance, a maimaita har sau uku don zaren ya zauna, sannan a yi ɗaurin ƙarshe. Idan notin mai haƙora ne da jijiyar gas ke ratsawa, sai a ci gaba da ɗaurewa daga 30 har rami ya zo daidai saiti, ba tare da an wuce 80 ba, kuma ba a komawa baya don neman saiti. Idan ya ƙi zuwa, akwai siraran washa da ake sawa. Yawancin notocin zamani jijiyar ta samansu take wucewa, ba ruwansu da wannan wahala, kuma lambar da kamfanin rigar ya rubuta ita ake bi. Kan sifanar ya tsaya a kusurwa 90 da hannun sifanar, in ba haka ba ƙarfin da ya shiga notin zai fi abin da sifanar ta nuna.

Jijiyar gas ta shiga ganga a tsakiyar raminta, tana ɗan motsi idan an taɓa ta. A gwada da makulli: a tura shi a hankali, ya hau kan jijiyar ba tare da turjiya ba. Idan yana gogar gefe, jijiyar ta karkace, kuma za ta cinye da wuri.

Sai a zura rigar. Kafin a ɗaure sukurorinta, a ɗora wani abu mai kama tsani, kamar mazaunin madubi, rabi a ganga rabi a riga, a ɗan matse shi don ya daidaita su a layi ɗaya. A ɗaure sukurorin bi da bi, kaɗan-kaɗan, zuwa ƙarfin da kamfani ya faɗa, da ɗigon shuɗin gam na zare idan takardar ta ce a sa. Sannan a cire mazaunin. A leƙa ta gaba a ga bututu yana tsakiyar riga, tazarar hagu da dama ɗaya. A ɗiga fenti ko a ja layi da alƙalami a kan kowane sukuri har zuwa jikin rigar. Bayan harbi 100 na farko, idan ƙarfen ya huce, a duba layukan. Wanda ya goce, sukurinsa ya saki, a sake ɗaure shi da sifana.